Sunan Da Inna Ta Ɓoye

Ku matso kusa. Ke Zulai, kife wayar nan, haskenta yana shiga idona. Kulu, janyo ƙyauren. Tun la'asar kuke damuna da tambaya, me ya sa na rame, me ya sa na daina bin hanyar kwalbati. Zan faɗa muku sau ɗaya. Wadda ta san ba za ta iya fita kewaye ita kaɗai ba bayan ta ji, ta tashi tun yanzu.

Ba tatsuniya ba ce, don haka ba sai kun amsa mini ba. Ku yi bisimilla kawai.

Kun taso kun ji ana ce mini Ayashe, ba ku taɓa tambayar dalili ba. Kafin ni, Inna ta haifi uku. Duk suka koma, babu wanda ya kai yaye. Da aka haife ni, kakarmu ta naɗe ni a tsumma, ta kai ni bakin juji ta ajiye, ta juya baya kamar ba ta so. Wata maƙwabciya ta tsince ni ta dawo da ni. Aka ce Ayashe. Wai don abin da yake ɗauke wa Inna 'ya'ya ya ga ba a damu da ni ba, ya wuce.

Ranar suna liman ya raɗa mini sunan yanka a kunne. Ya faɗa wa Baba, Baba ya faɗa wa Inna, a nan ya tsaya. Maroƙi bai shelanta ba. Shekara goma sha tara ba a kira shi a tsakar gida ba. Ko ranar ɗaurin aure, Ayashe aka ce. Ni kaina sai da na yi wayo Inna ta gaya mini, a ɗaki, tana tsefe mini kai. Ta ce, "Ki riƙe shi yadda kike riƙe zanenki a kasuwa."

Na riƙe. Har na yi aure.

Yayanku, mijina, kun san shi, mai fara'a ne. Ni na so shi, shi ya so ni, babu wanda ya tilasta wa wani. Wata guda da tarewa ya fara roƙona. Ya ce, "Yanzu a ce matata tana da abin da ban sani ba?" Na ce babu kyau. Ya ce, "Ni da ke ne fa. Bango ma ba zai ji ba." Kwana uku yana yi. A rana ta huɗu na rufe fuskata da gefen mayafi, na faɗa masa a kunne.

Daga nan yake kirana da shi. A ɗaki kawai, can ƙasan murya. In ya kira, sai in ji kamar an zuba mini ruwan ɗumi a baya. In ce na'am. A duniya shi kaɗai na taɓa amsa wa wannan sunan.

To, aikinsa haɗa sola ne, kun sani. Gidanmu a Funtuwa ba a rasa wuta, shi ya sa abokansa suka mai da falonmu majalisa. Su uku ne. Mudi direba, Tasi'u mai shagon takalma, da Lurwanu, malamin firamare, wanda ya fi su jin Turanci. Bayan la'asar suke zuwa, su saki labule don ɗakin ya yi duhu, su kunna talabijin da na'urar gem, wasan nan da ake bugawa a allo. Ni ba na shiga. In na kai musu dafaffiyar gyaɗa ko shayi, a bakin labule nake ajiyewa. Amma labulen yana da ɓula daidai idona, kuma ni kunnena yana da kyau.

A daminar nan Lurwanu ya kawo wani sabon gem, ya ce mutanen Japan suka yi shi. Babu ƙwallo, babu mota. Wani mutum ne mai kai wasiƙu ya shiga ƙauye a kan dutse, ruwa yana sauka. Gidajen katako ne, ƙofofinsu kamar na takarda. Babu bindiga a hannunsa, babu wuƙa. Fitila kawai, da jakar wasiƙu. Yana tafiya yana ƙwanƙwasa ƙofa, babu mai buɗewa. Wani lokaci ka ga inuwa a bayan takardar. Wani lokaci ka ji takun takalmin katako a bayanka, ƙwas, ƙwas, ka waiwaya babu kowa.

Sati uku suna kansa, kullum cikin musu.

Mudi ya ce, "Wannan ba gem ba ne, aike ne. Ni da nake Funtuwa zuwa Zariya sau biyu a rana, in dawo in huta, a sake ba ni tafiya?"

Tasi'u ya ce, "To me ya sa ka ɗora ƙafafunka a kan kujera?"

"Sauro."

"Sauron Japan ko?"

Suka kwashe da dariya. Tasi'u kuwa shi ya fi kowa tsoro. Rannan inuwa ta gifta, ya zabura ya zubar mini da shayi a kan darduma. Ya ce shi abin da yake ƙona masa rai, ko sanda ba a ba mutum ba. "A ce aljani ya tare ka, kai kuma sai haska shi da fitila kamar mai neman kaza?"

Mudi ya ce, "Aljanun nasu ma da ladabi. Sai sun rusuna sun gaishe ka kafin su gama da kai."

Lurwanu ba ya yawan dariya. Ya ce, "Ku ba ku lura ba. A gem ɗin Turawa, dodo ihu yake yi ya biyo ka da gudu. Wannan kuwa ba ya gudu. Tsayawa yake yi. Ya san hanya ɗaya ce, za ka zo."

Ni da nake bayan labule sai da tsikar jikina ta tashi.

Shi kuwa maigidan, Ango suke ce masa har yanzu, shi ne gwaninsu. Abin dannawar a hannunsa yake wuni. Yana cewa tunda yake, babu gem ɗin da ya taɓa gagarar sa.

Ranar wata Asabar suka kai ƙarshe. Na gani ta ɓular. Gada ce ta katako a kan rafi. A tsakiyarta wata mata tana tsaye, gashi ya rufe mata fuska. Ta rusuna. Rubutu ya fito a ƙasa, Lurwanu ya fassara musu.

"Ta ce gadar tana karɓar mutum ɗaya. In kana son ƙetarewa, ka rubuta sunan wanda zai zauna a madadinka."

Tasi'u ya ce, "Rubuta Akuya."

Aka rubuta. Matar ta dubi rubutun, ta girgiza kai a hankali. Fitila ta mutu. Allon ya yi baƙi.

Suka sake. Suka rubuta sunan wani ɗan ƙwallo. Ta girgiza kai. Suka rubuta Mudi, Mudi yana ta "Allah ya isa, ku cire ni," shi ma ta ƙi. Sau bakwai suna yi.

Mudi ya miƙe yana gyara hula. "An cuce mu. Sati uku muna yawo a ruwa, a ƙarshe a kashe mana fitila. Wanda ya haɗa wannan abin ba ya tsoron Allah."

Lurwanu ya ciro waya, ya ce bari ya ga me sauran masu bugawa suke cewa a duniya. Ya daɗe yana karantawa. Ya ce sun rabu biyu. Wasu sun ce babu wani ƙarshe bayan wannan, raina wa mutane hankali kawai aka yi. Wasu kuma sun rantse akwai, amma sai ka rubuta sunan gaskiya. Na mutumin da kuke kwana rufi ɗaya. Sunan da ba a wasa da shi.

Tasi'u ya ce, "Ƙarya ce. Ta ina ƙarfe zai san sunan gaskiya?"

Lurwanu ya ce, "Ni dai ko ƙarya ce, ba na saka sunan kowa nawa."

Mudi ya dafa kafaɗar maigidan. "To Ango, yau dai an samu mace ta kayar da kai. Mu je masallaci a yi maka addu'a."

Ya yi dariya tare da su. Amma na ga lokacin da ya juyo ya kalli labulen. Kallo ɗaya, gajere. Na ja baya da sauri, na ɗauka ya gane ina leƙe ne.

Litinin bai koma aiki ba bayan azahar. Ya shiga falo shi kaɗai, ya saki labule. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, ina jin takun nan, ƙwas, ƙwas. Sai shiru. Shirun ya daɗe. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya fito yana miƙa, bai kalli inda nake ba. Ya ce, "Yau ba za ki makaranta ba ne?"

Na ce zan je.

Islamiyyar matan aure tana ƙetaren rafi, ƙarfe huɗu muke shiga. Kullum tare muke tafiya da maƙwabciyata, Maman Iklima. Ranar 'yarta ba lafiya, ba ta je ba. Ana dab da tashi ruwa ya sauko, ya tsare mu. Kafin ya ɗauke, rana ta kusa faɗuwa. Sauran matan duk 'yan wancan ɓangaren ne. Ni kaɗai na kamo hanyar kwalbati.

Kun san wurin. Gonar masara hagu da dama, sai ƙatuwar ɗinyar nan, sai kwalbatin da rafi yake bi ta ƙarƙashinsa. Ana ta yayyafi. Kwaɗi suna ta kuka kamar za su tsaga kunne. Takalmina yana maƙalewa a laka, ina cirewa.

Ina isa gindin ɗinyar, kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Zulai, sakar mini hannu, kina tsikarina.

Wata mata tana zaune a gefen kwalbatin. Hijabi ne a jikinta, mai ruwan toka, irin namu. Ta sunkuyar da kai. Na ce a raina wata ce ta gaji. Na yi mata sallama.

Ba ta amsa ba.

Na ce, "Sannu, Iya."

Ta miƙe. A nan na fara lura. Ni na jiƙe sharkaf, ita hijabinta a bushe yake. Ta tako zuwa tsakiyar hanya. Ƙwas. Ƙwas.

Na dubi ƙasa. Babu takalmi a ƙafarta. Ƙafafun tas, fari sol, ko ɗigon laka babu. Inda ta taka babu sawu. Kuma laka ce, ku ji fa, laka mai tsantsi. Amma ƙarar katako take bayarwa.

Ta tsaya a gabana. Ta rusuna, a hankali, har ƙasa-ƙasa.

Na fara addu'ar neman tsari. Na kai tsakiya ta ɓace mini. Na koma farko, ta sake ɓacewa.

Ta ce, "Saƙo na zo karɓa." Muryarta siririya, kamar ta fito daga cikin tulu.

Na ce, "Wurin wa?"

Ta ɗago kai kaɗan, bakinta kawai nake gani. Ta buɗe shi.

Sunana ya fito. Na yankan. Amma ba da muryarta ba.

Muryarsa ce. Ta yayanku. Ba wadda yake yi wa abokansa ba, ba wadda yake ciniki da ita ba. Ta ɗaki. Can ƙasa-ƙasa, da ɗan jan nan da yake yi a ƙarshe.

Wallahi na'am ta zo har bakin haƙorana. Jikina ya saba. Kafin in yi tunani, wuyana ya riga ya karkata.

Kun san abin da ya riƙe ni? Ba ilimi ba ne, ba jarumta ba. Kunya ce. A waje? A kan hanya, inda wani zai iya fitowa daga cikin masara ya ji? Ni da ko daga hannunsa ba na iya karɓar abu a gaban mutane. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Ta sake kira. Wannan karon da dariya a ciki, yadda yake yi in ya dawo da tsire ya ɓoye a bayansa.

Na cusa gefen hijabina a baki na cije.

Ta kira na uku. Da lallashi. Yadda yake yi in ya ɓata mini rai yana son mu shirya. Hawaye suka zubo mini, suna haɗuwa da ruwan sama. Ban amsa ba.

Ta rufe baki. Da ta sake magana, siririyar muryar ce.

"Ba ki amsa ba."

Na cire hijabin daga bakina. Na ce, "Ni Ayashe ce."

"Ba shi aka rubuta ba."

"Wa ya rubuta?"

"Kin ji muryar."

Na sani tun kiran farko. Amma sai da ta faɗa na yarda. Na tuna shirun nan na falo. Na tuna 'yar dariyar hancin. Na tuna yadda ya tambaye ni ko ba zan je makaranta ba, yana kallon bango. Tsoron ma sai ya ragu. Fushi ya taso a madadinsa, mai zafi.

Ta matso taku ɗaya. Ƙwas.

"Gada mutum ɗaya take karɓa. Ba ni nasa, ki wuce da naki."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ku ƙannena ne. Na so in faɗa. Na san sunansa mana, na gan shi a katin biki, ina jin mahaifiyarsa tana kira. Na ce a raina, shi da ya bayar da ni a kan wasa, me zan tsaya jira? Na buɗe baki.

Harshena bai san hanyar sunan ba. Tun da ya fara zuwa zance ƙofar gidanmu ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na yi ƙoƙari. Ya tsaya a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Ban sani ba ko so ne ya rage, ko tarbiyyar Inna ce kawai. Har yau ban sani ba.

Na girgiza kai.

Can nesa, wajen tasha, ladan ya ɗaga murya. Matar ta ɗan karkata kamar wadda aka taɓa da wuta. Ta yi magana da sauri.

"Ba ki amsa ba, ba ni da iko da ke. Amma abin da aka ba ni, an ba ni. Ba na komawa hannu wofi."

Ta miƙo hannu. Ban iya motsi ba. Yatsunta biyu suka shiga ƙarƙashin hijabina, suka taɓa kunnena na dama. Sanyi kamar ƙanƙara. Na ji ana zaro wani abu daga ciki, a hankali, kamar zare daga bakin zane. Bai yi zafi ba. Ta dunƙule hannun.

Ta kauce gefe. "Wuce, Ayashe. Wadda aka yar tun farko, ba na ɗauka."

Na wuce. Ban waiwaya ba. Ina sauka daga kwalbatin kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Na zura da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a laka, ban koma ba.

Na iso ƙofar gida daidai suna fitowa za su masallaci. Ashe ya kira su a waya su zo su ga abin da ya yi. Na raɓe a lungun zaure inda duhu yake, don in ba su hanya. Suna saka takalma suna magana, ba su gan ni ba.

Mudi yana cewa, "Wai shi ke nan? Ya ƙetare, ya tura wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa, gari ya waye? Ko mutum ɗaya bai fito ya ce sannu ba?"

Tasi'u ya ce, "Gara ma wancan na kashe fitilar, aƙalla ka tsorata."

Sai na ji muryarsa. "Ni ma bai burge ni ba, wallahi. Da na san haka ne da ban wahalar da kaina ba. In maki goma ne, huɗu zan ba shi."

Huɗu. Ina tsaye laka har gwiwa, ƙafa ɗaya babu takalmi.

Lurwanu ya ce, "Ango, sunan wa ka saka?"

"Wani suna ne kawai."

"Na wa?"

"Kai malam, za mu rasa raka'a."

Suka fita.

Da ya dawo ya same ni zaune a bakin gado, ban canza kaya ba. Ya ce, "Subhanallahi, faɗuwa kika yi?"

Ni ba na iya kallon idonsa, kun sani. Ranar na kalla. Na ce, "Sunan wa ka rubuta?"

Sai ya yi murmushi, ya zauna kusa da ni. "Haba. Leƙe kike mana ashe? Gem ne fa. Wasa ne. Babu wanda ya gani, su Mudi ma ban nuna musu ba."

"Ka ce bango ma ba zai ji ba."

"To bango ya ji ne? Na'ura ce, ƙarfe da waya. Ni nake haɗa irinsu."

Na ce, "Kira ni."

"Me?"

"Kira ni da shi."

Ya ɗauka shiri nake nema. Ya matso, ya sassauta murya, ya buɗe baki.

Babu abin da ya fito.

Ya yi dariya. "Tsaya, yana bakina." Ya sake buɗewa. Ya dafe goshi. Ya ce, "Da wane harafi ma yake farawa?" Na ga fara'ar tana zubewa daga fuskarsa. Ya tashi da sauri ya shiga falo, ya kunna na'urar, ya nemo wurin da ya rubuta. Na bi shi har ciki, karo na farko. Gurbin yana nan. Babu komai a cikinsa.

Ya juyo. "Ke faɗa mini."

Sai a lokacin na nema. Na shiga cikin kaina, inda nake ajiye shi tun ranar da Inna take tsefe mini kai. Kun san yadda harshe yake zuwa gurbin haƙorin da aka cire? Haka na yi ta zuwa. Ina tuna ɗakin, ina tuna ƙamshin man kitso, ina tuna ɗumin bakin Inna a kunnena. Sunan babu.

Da safe na hau mota na zo gida. Na tarar da Inna tana tsince wake. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Inna, wane suna liman ya raɗa mini?"

Ta zaro ido. "Ke! A tsakar gida?" Ta ja ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kamo kaina ta kai bakinta kunnena.

Numfashinta kawai na ji.

Ta daɗe a haka. Ta sake ni, ta zauna a ƙasa. Aka kira Baba daga shago, ya tsaya yana motsa baki kamar mai lazimi, ya kasa. Limamin kuwa ya rasu tun ina goye.

Inna ta ce, "Wa kika ba?"

Na ce, "Mutum ɗaya."

Ba ta yi faɗa ba. Na ba ta labarin kwalbati tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, tana riƙe da ƙafata da ta ji ciwo garin gudu. Sannan ta ce, "Uku sun tafi sun bar mini sunayensu. Kullum ina kira, babu mai amsawa. Ke sunan ya tafi, kin tsaya. Na karɓi wannan." Ta faɗa tana kuka. Shekara goma sha tara tana gadin abu, ni na bayar a wata guda, shi kuma ya bayar a yammaci ɗaya.

Na koma ɗakina, Kulu, ina zan je? Ya ba da haƙuri har ya gaji. Ya kyautar da na'urar. Ya sayo mini atamfa biyu. Ya ce zai yanka rago a raɗa mini sabo, in zaɓi duk wanda nake so. Na ce a bar ragon ya sha ruwa. Sabon ma wa zan ba ajiya?

Yanzu Ayashe yake ce mini. Kamar mai kawo mana gawayi, kamar matan Islamiyya, kamar kowa. Ni ma ina amsa masa yadda nake amsa wa kowa. Su Mudi sun koma gidan Tasi'u, an ce ƙwallo suke bugawa yanzu. Lurwanu ne kaɗai in mun haɗu a hanya yake sunkuyar da kai.

Wani lokaci, in ruwa ya sauka dab da magariba, ina jin kira daga wajen rafi. Da muryarsa. Shi kuwa yana zaune a gabana yana alwala. Na san ni ake kira, don gabana yana faɗuwa. Amma kafin sunan ya iso kunnena ya narke.

To kun ji. Kar wadda ta bi hanyar kwalbati ita kaɗai in rana ta yi ja, ko da aiken Inna ne, ku ce ni na hana. In kuma tsautsayi ya kai ku, kuka ji an kira ku ba ku ga mai kiran ba, ku cije mayafinku. Muryar baƙo ba abin tsoro ba ce, wannan ba za ku amsa ba. Wadda za ku yi hankali da ita ita ce wadda zuciyarku ta saba cewa na'am.

Ku tofa addu'a ku kwanta. Zulai, matsa, yau a tsakiyarku zan kwana.